Fentin Mai Ba Ya Son Gaggawa

'Ya'yana masu sha'awar zane, kusan duk wanda ya zo wurina daga cikinku tambayarsa ba ta wuce biyu ba: wane fenti zan saya, kuma yaushe zan fara sayar da aikina? Da wuya in sami mai tambayar abin da ya kamata ya zana, balle yadda zai koyi kallonsa kafin ya ɗauki buroshi. Alhali nan ne sana'ar take. Na tsufa ina aiki da fentin mai, kuma abin da nake son bar muku shi ne wannan: fentin nan yana tilasta wa mutum ya daɗe a kan abu ɗaya, saboda haka ku zaɓi abin da ya cancanci daɗewar. A wurina babu abin da ya kai gidan da kuka tashi, da ƙasar da ta kewaye shi.

Ku fara da sanin halin kayan aikinku. Fentin mai abu biyu ne aka haɗa, garin launi da mai. Man da aka fi amfani da shi ana tatso shi ne daga irin tsiron nan da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Fentin ruwa yana bushewa da zarar ruwan ya bi iska. Shi wannan ba haka yake ba: man yana zuƙar iska a hankali, yana daskarewa, har ya zama wata fata mai tauri da ke riƙe garin launin. Shi ya sa saman zane kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ya taɓu, cikinsa kuwa sai ya yi wata shida zuwa shekara bai gama ƙamewa ba. Ba kowane mai ne ke da wannan hali ba. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa ko za a shekara ana jira, don haka kada tsadar kaya ta sa wani ya ce zai yi dabara da na girki.

Daga wannan hali dokar farko ta fito: shafen ƙasa ya zama siriri mai ƙarancin mai, kowane shafe da zai hau kansa kuma ya fi shi maiƙo. Idan aka juya tsarin, saman zai ƙame alhali ƙasan yana motsi, sai zanen ya tsattsage. Kowane magini ya san abin da ke faruwa idan aka yi yaɓe a kan ginin da bai sha iska ba. Abin da ya fi ciwo shi ne tsagar ba ta bayyana a ranar. Sai bayan shekaru take fitowa, lokacin da zanen ya riga ya rataye a bangon wanda ya biya kuɗinsa, da sunanka a gefe.

Kada ku shafa fenti a kan yadi tsurarsa, domin man yana cin zare; a fara share fagen da farin shafe ya bushe tukuna. Lokacin hunturu ku juya fuskar ɗanyen zane ga bango, in ba haka ba ƙura za ta manne masa har abada. Amma kada ku kulle shi cikin duhu, domin man da ya bushe a duhu yakan yi ɗorawa-ɗorawa. In kuna wanke buroshi da kananzir ko tafentin, ku buɗe taga. Tsumman da ya jiƙe da man fenti kuwa, kada ku cukuikuye shi ku jefa a lungu: zuƙar iskar nan da yake yi tana haifar da zafi, har yakan kama da wuta shi kaɗai. Ku shanya shi a waje ko ku tsoma shi a ruwa.

Jinkirin nan da ke ba ku haushi shi ne falalar fentin. Tun da bai bushe ba, kuna da damar gyarawa, ku kankare, ku narkar da wani launi cikin wani har a rasa inda suka haɗu. Idan ya bushe kuma, kuna iya ɗora siririn shafe wanda haske zai ratsa ya doki na ƙasa ya dawo, sai launin ya yi zurfin da babu fentin da ke bayarwa. Mutane sun daɗe da gano haka. An sami zanen bango na mai a kogunan Bamiyan da ke Afganistan wanda ya kai ƙarni na 7. A ƙasar da yau ake kira Beljiyam, Jan van Eyck ya zana wani attajiri da matarsa a 1434, kuma zanen yana nan a Landan, koren rigar matar bai dusashe ba duk da an doshi shekara 600. Aikin da aka yi da natsuwa ke nan.

Ku kuma gode wa Allah da zamanin da kuka zo. Masu zanen da can da hannunsu suke niƙa launi, su ɗura shi a mafitsarar alade su ɗaure. Sai a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfen nan da ake matsawa, wanda ya ba mai zane damar zuba kayansa a jaka ya fita daji ya zauna gaban abin da yake zanawa. Shuɗi mafi kyau kuwa daga wani dutse ake samunsa wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, tsadarsa har takan kai ta zinariya, kafin a gano yadda ake haɗa shi a masana'anta a Faransa wajen 1828.

Duk da haka, launukan da suka fi araha su ne suka fi ƙarko, wato na ƙasa: rawaya mai duhu, ja irin na marmara, da ruwan ƙasa. Tsatsar ƙarfe ce ke ba su launi, kuma rana ba ta cin su. Akwai wanda har sunan garin Siyena na Italiya yake ɗauke da shi, don daga ƙasar yankin aka san shi. Mu ma a kan irin wannan arziki muke tafiya kullum. Ku ɗebo jar ƙasa, ku jiƙa, ku dama, ku bar tsakuwa da yashi su kwanta, ku tsiyaye ruwan saman mai laushi ku bar shi ya kwanta shi ma, ku shanya, sannan ku niƙa garin da man fenti a kan gilashi. Kun sami launi. Da fari, da rawaya, da ja, da shuɗi, da ruwan ƙasa, ɗalibi zai iya zana duk abin da ke tsakanin Sakkwato da Yola. Mai bututu talatin bai fi ku komai ba in bai iya haɗa biyar ba.

Yanzu mu zo ga babban al'amari, wato kallo. Yawancin mutane ba sa kallo, ganewa kawai suke yi. Ido ya ce wannan bishiya ce, sai hankali ya wuce. Ka ba yaro fenti ya zana kuka, zai sa kore a sama da ruwan ƙasa a jiki, don haka aka gaya masa bishiya take. Amma je ka tsaya gaban kuka da yamma a watan Janairu. Babu ganye ko ɗaya. Jikinta ruwan toka ne mai sheƙi, ɓangaren da rana ke duka ya yi ruwan hoda, ɓangaren inuwa kuma ya karkata ga shunayya. Wanda bai tsaya ba ba zai yarda ba.

Manyan masu zanen da ake ambata a makarantu ba yawon duniya ne ya ɗaukaka su ba, naci ne a kan wuri ɗaya. Tsakanin 1890 da 1891, Claude Monet na Faransa ya yi zane wajen 25 na tarin damman hatsi da ke wata gona kusa da gidansa a Giverny: da safe, da yamma, cikin hazo, cikin ƙanƙara. Tarin bai sauya ba, haske ne ke sauyawa, kuma hasken yake bi. Paul Cézanne ya yi ta maimaita dutse ɗaya da ke kusa da garinsu, Sainte-Victoire, sau da dama har zuwa ƙarshen rayuwarsa a 1906. John Constable na Ingila ɗan mai injin niƙa ne, kuma mafi shaharar ayyukansa a gaɓar kogin Stour suke, inda ya yi wasan ƙuruciya. A 1821 da 1822 ya duƙufa kan zanen gizagizai, yana rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda iska ta fuskanta a bayan takardar. Wannan ɗabi'a nake so ku ɗauka a wurinsu, ba gizagizansu ba.

Domin haskenmu daban yake da nasu, kuma littattafan koyon zane da ke zuwa mana don nasu hasken aka rubuta su. Littafi zai ce muku abin da ke nesa yakan yi shuɗi-shuɗi. Gaskiya ne, da damina, bayan ruwa ya wanke sama. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, idan iska ta kwaso ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, nesa ba ta yin shuɗi. Fari-fari take yi, mai ratsin rawaya, inuwa ta yi laushi, rana ta zama farar da'ira da ido ke iya kallo. Da bazara kuwa, tsakar rana takan cinye launi ƙarƙaf, inuwa ta taƙure ƙarƙashin abu ta yi baƙi ƙirin. Sai kuma lokacin da na fi so duka: farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas ya yi shuni, rana tana yamma tana dukan rimi da jan gini. Ba ya daɗewa, kuma babu wanda zai koya muku shi sai idonku.

Wurin da na fi komawa shi ne dutsen Kufena da ke yamma da Zariya, wajen Wusasa. Daga nesa dunƙule ɗaya ne mai launin toka. Sai ka zauna kake ganin baƙaƙen layukan da ruwan sama ya bari a jikinsa, da ciyawar da ke kama tsagoginsa ta yi kore shar a Agusta ta koma ruwan zinariya da kaka. Bayan ruwa dutsen kan yi duhu yana walƙiya. Cikin hazo kuma sai ya kusa ɓacewa, ƙasansa ya narke, kansa kaɗai ke rataye. Na biyu shi ne gawo a tsakiyar gona. Itace ne mai saɓa wa 'yan uwansa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, tunda ba ya tare wa gero rana, ga taki da yake zubarwa, ga dabbobi na samun abinci da inuwa a gindinsa lokacin da ko'ina ya bushe. Wanda ya zana gawo cike da ganye a tsakiyar gero mai kai, kowane manomi zai san bai taɓa zama a gona ba. Na uku fadama ce da sassafe lokacin noman rani, inda albasa da tumatir suka yi kore a tsakiyar ƙasar da ta ƙone, giginya tana tsaye a baki. Waɗannan nawa ne. Ɗan Kano yana da Dala da Gwauron Dutse, ɗan Zamfara yana da Kwatarkwashi, ɗan Haɗeja yana da dausayin da tsuntsaye ke sauka. Kowa da nasa.

Akwai tambayar da na san tana ran da yawa daga cikinku, kuma iyayenku sun riga sun yi muku ita: zanen abu mai rai fa? Kada ku yi wasa da ita, kada kuma ku yi fushi da mai yin ta. Fatawa ta malamai ce, ku je ku tambaye su da ladabi. Abin da ya shahara, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, shi ne wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da yin hotuna yake ci. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan ya nuna masa mafita: in dai sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Wasu matasa suna ganin wannan ƙunci ne. Ni na tarar fili ne mai faɗi, har ma a cikinsa na sami hanyar zana iyalina.

Ga yadda abin yake. Tun kakata tana raye na zauna a tsakar gidanmu na zana ƙofar ɗakinta. Babu mutum a zanen. Akwai tabarmarta a gindin bango, da buta, da taskira mai auduga da mazari a ciki, da turmi a kife, da asabarin ƙofa a naɗe rabi, ta yadda ake hango jeren kwanoni yana ƙyalli cikin duhun ɗakin. Na daɗe a kansa, domin inuwar bangon ba ta faɗowa yadda nake so sai bayan la'asar. Tsohuwar takan leƙo ta ce, "Kai wannan yaro, turmin ma sai an yi masa hoto?" Yau ta rasu, an rushe ɗakin an yi na bulo da kwano. Da gwaggona ta ga zanen bayan shekaru, ba ta ce ya yi kyau ba. Matsowa ta yi tana nunawa da yatsa: wannan tasa ta auren wance ce, wannan langa daga Makka aka zo da ita, a nan gindin bangon aka yi wa wane aski ranar suna. Labaran da ban taɓa ji ba suka yi ta fitowa. Jikokin da ba su san tsohuwar ba kuwa, a gaban zanen nan suke tambayar mene ne mazari.

Mutum yana barin kamanninsa a kan kayansa. Keken mahaifinka da ke jingine a zaure, da gefen sirdin da ya lotsa. Allon ƙaninka da tawada ta rina. Dutsen niƙan da hannun mata da yawa ya rarake. Bakin rijiya da igiyar guga ta yi wa zanen tsaga. Duk wanda ya san masu su zai gan su a ciki. Kuma waɗannan abubuwa tafiya suke yi a gaban idonmu. Rumbu yana ba buhu wuri, soro yana ba kwano wuri, kududdufan birni ana cike su ana gini, ganuwa tana zaizayewa. Dalar gyaɗar Kano da iyayenmu suka ɗauka ba za ta taɓa gushewa ba, yau sai a hoto. Ba ina cewa a hana mutane gina gidan bulo ba. Wanda ya kwana yana tarar ɗigar soro da kwano ya san dalilinsa. Cewa nake yi a sami wanda zai tsaya ya kalla da kyau kafin a rushe.

Za ku ce ai ga waya, ɗauka ɗaya an gama. Ku ɗauka, tana da amfani. Amma waya tana kwashe komai ne ba zaɓi, tana baƙanta inuwa, tana ƙona haske, kuma mai ɗaukar bai kalli komai ba. Mai zane dole ya yanke hukunci a kan kowane taku na yadinsa: me zan sa, me zan bari, ina ido zai fara sauka. Cikin wannan zaɓi ne ƙaunarsa ga wurin take shiga aikin. In za ku yi aiki da hoto, ku fara zama a wurin tukuna, ku yi ƙaramin zane da fensir, ku rubuta launukan da kuka gani. Ku kuma nemi izini. Ba a shiga gidan mutane, ko da na dangi ne, a kafa katako ana zana ɗakin matan aure ba tare da sallama da yardar masu gida ba.

Wannan magana ba sabuwa ba ce, a ƙasarmu ma aka taɓa yin ta da babbar murya. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Matsayinsu shi ne a koyi dabarun Turawa sosai, amma a haɗa su da fasahar gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Grillo ya zana rayuwar Yarabawan Legas cikin shuɗin da aka san shi da shi. A Zariya suka yi karatu, amma kowa gidansu ya koma ya ɗebo. Mu da muke da zanen bangon soraye, da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ba mu da hujjar zuwa aro.

Sai dai ku yi hattara da wani tarko da ke kama da komawa gida alhali ba shi ba ne. Ku shiga wuraren sayar da zane a manyan birane, za ku ga 'yar fura da nono iri ɗaya, da dokin hawan salla iri ɗaya, da faɗuwar rana iri ɗaya, kowa yana kwafar na wani don baƙo ya saya. Wannan ba garin kowa ba ne. In za ku zana kasuwa, ta zama kasuwar garinku, a ranar cinta, da rumfar da kuka sani. Batun kuɗi kuwa, na san kun ji labarin Tutu, zanen da Ben Enwonwu ya yi a 1974, wanda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Ku lura da tazarar shekarun, ku kuma lura cewa mai zanen ya rasu tun 1994. Ku riƙi wata hanyar abinci ta halal, ko koyarwa, ko rubutun allunan shaguna, ko aikin zane a kwamfuta, don kada yunwa ta sa ku sayar da ɗanyen aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga aikin da na ba ku. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da zai iya zuwa da ƙafa daga gidansu, ya zana shi da bazara, da damina, da kaka, da hunturu, daga matsaya ɗaya, da launi biyar. Kafin ya fara, ya je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya durƙusa ya tambaye shi abin da ya sani game da wurin: wa ya dasa itacen, wa ya haƙa rijiyar, me ke nan kafin a yi ginin. Idan ya gama, ya rubuta a bayan yadin sunan wurin, da kwanan wata, da lokacin yini, da abin da aka gaya masa. Uku daga ciki ya sayar in ya sami mai saye. Ɗaya kuwa ya bar wa gida, komai kuɗin da aka taya. Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya ba ku haƙurin aikin, ya sa ku ci halaliyarku da shi.